Allon da Iya ta wanke

Yaya Inuwa,

Ban jira ka dawo daga fadama ba, kada jirgin Kano ya bar ni a tashar Malam Madori. Gobe ne jarrabawar lasin ɗin aikin lantarki.

Ka san sabon allon da na saya da takarda ta ƙare mini. A kansa nake lissafin lodi, wato ƙwan lantarki da fanka nawa waya za ta ɗauka kafin fis ya ƙone. Jiya na warware wanda ya daɗe yana kayar da ni, na gidan bene, irin wanda aka ce Baturen da ke jarrabawar ba ya rasa tambaya. Na jingine allon a zaure, in kwafe da safe.

Na tashi na tarar da shi a wanke tas. Ashe Iya ta ɗauka Malam Bunu ne ya aiko mini da rubutun sha. Ta miƙo mini ƙoƙo ta ce, "Yi bisimilla ka shanye, ɗan nan, kada ka rage."

Na shanye. Ta yi ta sa mini albarka har da hawaye.

Don Allah kada ka gaya mata. Ka riga ta zuwa wurin Malam, don ta ce za ta kai masa busasshen kifi na godiya. Ka roƙe shi ya karɓa, ya bi ni da addu'a.

Lissafin kuwa zan sake shi a jirgi. Ko ba komai, yana cikina.

Ƙaninka,
Ja'afaru