Takardun Kufai Sun Zama Toka

Zuwa ga Kawu Ilu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji.

Ranar Laraba aka ƙona takardunka, duk abin da ke cikin adakarka.

Ba ƙeta aka yi maka ba. Ruwan sama ya rusa bangon ɗakinka, adakar ta fashe, takardu suka watse a tsakar gida. Matarka, Inna Hajara, ta ga bisimilla a saman kowane shafi, ga awaki na takawa. Ta aika wa liman, ya ce takardar da ke ɗauke da sunan Allah in ta lalace a ƙona ta, a binne tokar. Bai zo ya duba ba. Da alwala ta yi aikin. Babu wanda ya lura Hausa ce a ajami, hirarrakinka da tsofaffi na shekara talatin.

Ina tuna ranar da ka kai ni kufan nan na bayan Mai'adua a kan babur. Rijiya bakwai, duk an cike su da duwatsu. Babu alamar gobara, babu ta yaƙi. Ka ce, "Wanda yaƙi ya kora ba ya tsayawa toshe rijiya. Waɗannan shirya tafiyarsu suka yi. Me suka gani?"

Da aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci, wasu suka ce tonon kufan arna kake yi. Amsarka ɗaya ce: "Sanin inda kakanka ya ɓace ba bin sa ba ne."

Sau uku kana kirana in zo in mayar da takardun boko. Kullum sai in ce sai na samu hutu. A na ƙarshe ka yi dariya: "Ɗan jarida, iyakar saninka jiya."

Tsofaffin da ka yi hira da su duk sun rasu. Da na gaya wa Inna abin da ta ƙona, sai ta ce, "Ni dai kare su na yi, Sani." Ban ga laifinta ba, Kawu. Nawa na gani.

Allah Ya haskaka makwancinka, Ya yafe mini jinkirina.

Inna ta ce kafin ka kwanta ciwo ka ba wani dillalin shanu na tsallaken iyaka aron littafi ɗaya daga cikin hirarrakin. Ba ta san sunansa ba. Na tambaya a kara, kasuwar shanu, har yau ban samu wanda ya tabbatar ba.

Ɗan ƙanwarka,
Sani