Turakun da Na Tumɓuke a Bakin Tafki

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yaran. Yaya ƙafar taki? Don Allah ki rage tsayuwar nan a shago.

Na san labari ya riga ni isowa, tunda matata ba ta kwana da magana a ciki. Gaskiya ne, na miƙa wa ɗan kwangila makullin katafilarsa. Ba korata aka yi ba, da ƙafata na sauko. Ki saurare ni kafin ki ce Kunnen-Ƙashi ya sake.

Aikin da aka ba mu shi ne share filin da za a gina rukunin gidaje a bayan gari. A ƙarshen filin akwai tafki mai bado da kacalla. Safiyo, wato mai awon fili, ya kafa jajayen turaku nesa da ruwan, ya ce nan ne iyakarmu. Yana ba da baya ɗan kwangila ya ce in tumɓuke su, in tura ƙasa har cikin ruwa. Yaya, na tumɓuke, na watsa su a wani kwalbati. Shekara goma sha tara ina tuƙa ƙarfen nan, ban taɓa tambayar abin da ke ƙarƙashin cebur ba.

Kwana huɗu ina cike tafki. Guza da bushiya sai gudun ceton rai, kwaɗi kuwa ba a magana. A rana ta biyar na ɗaga cebur, sai ga kififiya mai faɗin faranti, bayanta ya tsage, tana jan jiki tana neman ruwan da na binne. Gaba kaɗan ga gauraka biyu a kan sheƙarsu, sun ware fukafukai suna fuskantata, ko gezau. Tsuntsu mai ƙafa kamar tsinke ya tare wa katafila hanya, ni da gemuna na kasa ce wa mutum ɗaya a'a!

Na kashe inji. Ɗan kwangila ya taho yana kumfar baki, ya ce, "Direba, tsuntsu ne zai ciyar maka da 'ya'ya?" Na ce, "Ranka ya daɗe, mai ciyar da tsuntsun shi zai ciyar da su."

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙaninki,
Kunnen-Ƙashi

*

Yayata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, takardarki ta iso, na karanta har sau uku. Na ji daɗi da ƙafar ta yi sauƙi.

Ki yi wa maigidanki godiya da ya ce zai raka ni in ba ɗan kwangila haƙuri. Amma ba zan je ba. Ke kika raine ni bayan rasuwar Inna, ban taɓa ƙetare maganarki ba, sai wannan. Haƙurin me zan bayar? Na ƙin take ƙwai?

Washegari suka kawo wani direba. Sheƙar ta tafi, gaurakan ma ba wanda ya sake jin kukansu. Ban tsare komai ba, Yaya, hannuna kawai na cire, kuma wannan ne ya tsaya mini a rai.

Yanzu masunta da matan da ke lambu a gefen ruwan sun kai ƙara hukumar muhalli. Ɗan kwangila ya rantse ba a taɓa kafa turke a wurin ba. Wani dattijon masunci ya same ni har gida, ya zauna a dakalina, ya ce, "Ɗana, kakana ya kama kifi kala goma sha biyu a ruwan nan, ni yau tarwaɗa kawai nake gani. Kai kaɗai ka san inda turakun suke."

Idan na yi magana, kaina na fara tonawa. 'Yan kwangila kuma bakinsu ɗaya, ba mai sake ba ni ko baro in tura. Matata ta yi kuka ta gaji, daga baya ta ɗauko farar rigata ta goge, ta rataye a ƙusa.

Ranar Laraba zan je gaban hukumar. Kada ki aiko kowa ya lallashe ni. Addu'arki nake so.

Naki har kullum,
Ƙaninki

*

Yayata ta kaina,

Ina gaisuwa, ina kuma tambayar lafiyar gida. Mu nan sai godiya.

Na je. Na kai jami'an bakin kwalbatin, na naɗe wando na shiga taɓo, na zaro turaku goma sha ɗaya da jan fentinsu da lambar safiyo. Lauyan ɗan kwangila ya ce, "To ashe kai ne mai laifin." Na ce, "Ni ne hannun. Ga kan can zaune yana share gumi." Har mai rubutu sai da ya dara.

An dakatar da aikin. Ba zan yi miki ƙarya ba, abin da ya rage na tafkin bai kai rabi ba. Ɗan kwangila ya aiko a gaya mini muddin yana numfashi ba zan ƙara hawa katafila a garin nan ba. Wata biyu ke nan ina gyaran injin ban ruwa a rumfar wani abokina. Ana ci, ba a ƙoshi, ba a kuma mutu ba.

Jiya hukumar ta yanke cewa sai ya kwashe duk ƙasar da aka zuba, a mayar da ruwa inda yake. Aka nemi wanda ya san ainihin tsohon bakin tafkin, aka rasa, sai mutum ɗaya.

Ranar Litinin zan hau katafilar tasa, Yaya. Da hannunsa zai miƙo mini makullin.

Ki gaida maigida, ki shafa mini kan yaran.

Ƙaninki da bai ba da haƙuri ba,
Kunnen-Ƙashi