Inna, Leda Ta Kashe Tunkiyarki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahamarSa. Na so in ce miki komai lafiya a unguwarmu ta Bracodi, amma ban saba yi miki ƙarya ba. Inna, farar tunkiyar da kika bar mini ta mutu, kuma mutanen gidan nan ne suka kashe ta.

Kin tuna kwandon da kika ajiye a gindin famfo tun muna yara? Duk wanda ya ci aceke, dambun rogon nan, ko soyayyar ayaba a gidan hayar nan, Bahaushe ko Bajule, sai ya jefa ganyen ƙunshin a ciki, tare da ɓawon rogo da na doya. Da yamma tumakinki su cinye. Kashinsu kuma mai lambu ya zo ya kwasa, ya bar mana alayyahu. Kullum kina cewa, "Abin da ƙasa ta haifa ba ya zama shara."

To, bara masu aceke suka daina ƙunshi da ganye, suka koma leda, wadda yaran nan ke kira sashe. Hannu kuwa ya riga ya saba: a ci, a dunƙule, a wurga kwando. Dabba ta ji ƙamshin mai da kifi, me ta sani?

Wallahi na yi magana, Inna. Ɗaki-ɗaki na bi har bakina ya gaji. Gwaggo Ladi, ƙanwar Baba, wadda kika yi jinyarta wata da watanni, ta ce wai tunda na samu shagon ɗinki a unguwar Treichville na fara iyayi. Wai tunkiya ta fi ni sanin abin da take ci. Aka kwashe da dariya.

Tunkiya ta fara ramewa, ciki na kumbura, ta daina tuƙa. Ranar Talata na sauko daga jirgin ruwan da ke dawo da ni daga shago na iso gida, na tarar da ita kwance, ɗanta yana tunkuɗar hantsar da babu komai. Da gudu na kira Malam Idi mahauci ya yanka kafin ta zama mushe. Da ya farka tumbin, sai ya ciro dunƙulen leda baƙi ƙirin, ya kai girman gammo.

Kin san abin da ya fi ƙona mini rai? Waɗanda suka yi dariyar nan su ne suka yi layi karɓar nama. Gwaggo har da cewa a ware mata hanta. Kuma da leda ta zo ɗauka, Inna! Na ba su don ladan ya iso miki.

Na wanke dunƙulen na rataye shi a ƙusa, daidai saman kwandon, ko ido zai yi abin da kunne ya kasa. Jiya da safe na duba. Leda ce a ciki, ɗan ragon kuma ya riga ya kai baki. Da yatsa na zaro ta daga maƙogwaronsa.

Ki gafarce ni, Innata, na ɗauke kwandonki. Yana ƙarƙashin gadona. Yanzu ganye da ɓawo duk bola suke tafiya, mai lambu ma na ce ya huta. Ɗan ragon a ƙofar ɗakina yake kwana, ba ya cin komai sai daga tafin hannuna. In ya yi kuka, ɗakinki yake kallo, ni ma sai in taya shi.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya raya mana wannan maraya, ni kuma Ya sanyaya mini zuciya kafin in gaya wa Gwaggo abin da ba ki koya mini ba.

Taki har abada,
Rabi