Rana a Fiffike

Grand Concourse, 3 ga Oktoba

Yaya Firdaoussi,

Gaisuwa mai yawa, ya yara ya koyarwa a lakwal? Kanenki Kassim ne, injiniya. Eh injiniya nace, karki gyaramin.

Akwai wani tsoho dan Japan, Tanabe, yana gyaran agogo kusa da teburina a Canal Street. Ya bani hoton jirgin yakin babansa, na zamanin Turawa, baki da fari, yace in gina irinshi a odinater, kwamfuta kenan. Diyarsa na aiki a kamfanin wasannin bidiyo, tace in yayi kyau zata kaini gun shugabanta. Kenan na bar saida rigar waya a bakin titi kafin sanyi ya kasheni.

Kusa dubu hudu na dasa ma jirgin, daya bayan daya. Har tsatsa nasa mishi. Su kansu Japan basu kera kamarshi ba. A gaida Inna.

Naki,
Kassim

Maraɗi, 20 ga Oktoba

Ƙanena Kassim,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Inna na amsawa, ta ce ka sa hula.

Shekara ashirin ina koyarwa, ban ga ɗalibin da ya tsani ƙugiyar haruffa kamarka ba. Ƙusa ake rubutawa, ba kusa ba. Hoton baƙi da fari ne, to ina ka samo launi? Ka tambayi tsohon.

Yayarka,
Firdaoussi

Grand Concourse, 6 ga Nuwamba

Yaya malama,

Gaisuwa. Tambaya? Ni? Gwani baya tambaya. Jikin jirgin fari, ga wani da'ira a fiffike, ai ko jariri yasan wannan. Rana ce, irin ta tutarmu. Na zuba mata ruwan goro mai kyau. Ashe har Japan sun sanmu tun da can! Ga hoto na hado miki, ki manna a aji. Ranar asabar zan nuna ma tsohon da diyarsa.

Injiniyanki

Maraɗi, 22 ga Nuwamba

Kassim,

Ina gaishe ka. Na manna hoton, 'yan aji huɗu suka yi ta dariya. Ranar Japan ja ce, Kassim, jawur. Ruwan goro tamu ce ta Nijar. Ka sa uban bawan Allah ya yi yaƙi da tutar ƙasar da ba a haifa ba tukuna. Na san Asabar ta wuce. Ka faɗa mini yadda aka yi, ba yadda kake so a ce an yi ba.

Firdaoussi

Canal Street, 9 ga Disamba

Yaya,

Gaisuwa da sanyi. Tsoho ya juya jirgin a allo, ya leka gun zaman direba, yace kujerar babansa ce sak. Launi baiyi magana ba, idonsa ya daina raba launi. Diyar ce ta gani. Tace wanda bai iya tambaya ba bata kaishi gun shugaba. Na maida shi ja a minti biyu, bata sake kira ba.

Na ruwan goron na buga a takarda na ajiye a tebur. Yan Zinder da Tahoua sun kwashe tas, wai jirgin yakin Nijar. Ban gyara masu ba.

Kice ma Inna nasa hula.

Kassim