Haƙarƙarin Jirgin Baba

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kuna lafiya, kai da Inna da yara. Yaya idon Baba?

Ni lafiya lau. Tarin nan da nake yi hayaƙin katako ne kawai in injin lesa, mai yanka da haske, yana aiki. Kada ka gaya wa Inna.

Ka san aikina: in zana ƙananan jiragen ruwa na ado, inji ya yayyanka, mai saye ya harhaɗa da kansa. To, na zana irin jirgin da Baba yake haɗawa muna yara. Mai shago ya ce ya yi tsada, sai na zare rabin haƙarƙarinsa, wato katakan da ke tokare cikinsa, tunda katakon sama zai rufe. Farashi ya sauka, ana ta saye.

Ɗoki ya sa na aiko muku ɗaya kafin hankalina ya dawo. Don Allah ka harhaɗa, ka manne saman, sannan ka miƙa masa. In ya same shi a buɗe, da yatsa zai bi ciki yana laluben haƙarƙarin, kuma ba zai ce komai ba. Shirun nan nake tsoro.

Allah ya ƙara masa lafiya.

Ƙaninka