Wayar da Ban Ɗaure Ba

Laraba, bayan isha'i

Jiya na saka wa Kawu Sale sabuwar mitar zafi a motarsa mai injin V6. Mazaunin wayar mitar yana lungu tsakanin kawunan injin biyu, hannuna ya ƙi shiga, sai na maƙala ta kawai.

Yau ya ɗauko matarsa daga Kwandere zuwa asibiti. Allurar mitar tana nuna sanyi har inji ya tafasa a Bukan Sidi. A keke Napep matar ta ƙarasa, tana amai.

Da aka jawo motar gareji, na ga wayar tana lilo. Na yi maza na mayar.

"Laifina ne, ɗana," in ji Kawu. "Idona ya tsufa."

Na ce, "Allah ya kiyaye gaba, Kawu." Iyakar abin da na faɗa ke nan.