Ba Rijiyar Kona Ba Ce

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, na zo miki da labarin da ban so kawowa ba. Inna, ba rijiyar ba ce.

Kin tuna yadda kika tsani rijiyar gidan mahaifanki na Kona. Mahaifiyarki ta rasu da kumburarren ciki da fitsarin jini, yayarki Goggo Nenne ta bi ta da irin ciwon, sai kika ce wani abu ne zaune a ruwan. Da Baba ya rasu za mu koma gidan, sai da kika sa aka cike ta, aka kife tsohon turmi a bakinta. "Abin yana bin wanda ya sha," haka kike cewa.

Autanki Hamidu kuwa, tun kafin mu tare kika yaye shi, kika miƙa shi riƙo wurin Baffa a Iware. Kin yi ta kukan rabuwa, amma kika ce gara ya yi nisa da rai. Da naki cikin ya fara tasowa ba ki yi mamaki ba, tunda kin sha ruwan tun kina yarinya.

Inna, Hamidu ya fara fitsarin jini. Shi da ko ɗigon rijiyar bai taɓa harshensa ba.

Na raka shi Yola aka yi masa hoton ciki. Likita ya nuna mana ƙodojinsa sun cika da ƙananan jakunkunan ruwa. Ya ce gado ne, a jini yake tafiya, kowane ɗa ko ya ɗauka ko ya tsira. Yana iya yin shekaru kwance shiru kafin ya motsa. Ya ce ni ma in dawo a duba ni. Har yau ban koma ba, tsoro nake ji.

Shekaranjiya na haɗu da Iya Dudu a Kasuwar Jalingo, tsohuwar da ta wanke gawar Kaka da ta Goggo da taki. Ranar naki wankan ta fito tana cewa, "Hannuna ya san wannan cikin." Muna gaisawa ta jawo ni jikinta, tafinta ya tsaya a ƙasan haƙarƙarina, ya daɗe a wurin. Ta sake ni, ta sa mini albarka, ta wuce ba ta waiwayo ba.

Gobe zan shiga motar Yola. Yarana suna tsakar gida suna wasa, ina ta kallonsu ɗaya bayan ɗaya.

Ban ga laifinki ba, Innata, ke ma ba ki aka yi. Allah Ya haskaka kabarinki, Ya ba Hamidu sauƙi, Ya sa abin nan ya tsallake jikokinki.

'Yarki Hauwa,
wadda kowa ke cewa ba ta bar komai naki ba.